Yadda Ake Buga Samfurin Haƙora da Injin 3D Ya Fito Daidai da Baki

Robar riƙe haƙora da aka matsa a kan samfurin da ya tsuke da rubu'in milimita ba za ta zauna a baki ba. Likita zai danna, ta hau dama ta ƙi hagu, mutumin da ya biyo mota daga Azare ko Kaltungo ya koma gida hannu rabbana, a sake awo daga farko. Idan aka ɗauki samfurin aka duba da ido kuwa, ba a ganin aibinsa: sumul yake, kowane haƙori da tsaginsa. Ido ba ya kama rubu'in milimita. Shi ya sa duk wanda ya sa firintar 3D a ɗakin haɗa haƙora yake bukatar hanyar da zai auna aikinsa da kansa, maimakon ya dogara da lambar da aka rubuta a jikin kwali.

Wannan bayani ya fi shafar injinan da ke aiki da ruwan rezin, ruwan roba da ke daskarewa in haske ya taɓa shi, wato SLA mai zana hoto da hasken leza, DLP mai haska hoto da majigi, da LCD mai allo a ƙarƙashin tasar da ake zuba rezin, wanda shi ne ya fi sauƙin kuɗi. Injin da ke narka zaren roba yana iya fitar da samfurin nuna wa ɗalibai, amma layukansa sun yi kauri ga aikin da za a sa a baki.

Daidai ɗin nawa ake nema

Ana lissafin wannan aiki da maikron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai yana tsakanin maikron 50 da 100. Ba kowane aiki ne ke bukatar tsanani iri ɗaya ba, kuma wanda bai raba su ba zai yi ta ƙona rezin da lokaci a banza.

Samfurin nazari, wanda likita zai duba cunkoson haƙora ko ya ajiye a matsayin tarihin mara lafiya, kuskuren da bai wuce milimita 0.3 ba ba ya hana shi aiki. Samfurin da za a matsa robar daidaita haƙora ko ta riƙe su a kansa ya fi wannan tsanani. Kowace roba a jerin na daidaitawa tana motsa haƙori da kusan milimita 0.25 ne, to idan kuskuren samfurin ya kai haka, ya cinye motsin gaba ɗaya ko ya ninka shi. A nan a nemi ƙasa da 0.2, in an samu 0.1 ya fi. Sai aikin hular haƙori, wadda ake rufa wa haƙorin da likita ya fere, da gada, mai cike gurbin haƙorin da ya fita, inda ba wasa. Tun 1971 McLean da von Fraunhofer suka ba da maikron 120 a matsayin iyakar giɓin da za a lamunta tsakanin bakin hula da haƙori, kuma har yau da shi ake kafa hujja. Wannan 120 ɗin na aikin ne gaba ɗaya, daga awo har manna hula, don haka rabon samfurin a ciki bai kamata ya wuce maikron 50 ba.

Akwai kuma bambanci guda da ƙa'idar ISO 5725 ta fayyace, wanda duk mai zuwa Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, ya riga ya sani. Mudun da aka bubbuge gindinsa kullum awo ɗaya yake bayarwa, yau da gobe, sai dai awon a tauye yake. Yana da maimaici, ba shi da gaskiya. Mai awon da mudunsa cikakke ne amma wani lokaci ya tula wani lokaci ya shafe, shi kuma matsalarsa rashin maimaici. Firintar da kullum take tsuke samfuri da kashi 0.3 cikin ɗari irin mudu na farko ce, gyaranta lissafi ne kawai. Wadda ke ba da wannan awo yau, gobe ta ba da wani, ita ce mai wahala, domin laifin yana cikin zafin ɗaki, ko rezin, ko ledar da ke gindin tasa, ko hannun mai wanke samfuri.

Kuskuren da ke shigowa kafin a kunna inji

Firinta ba ta san bakin mara lafiya ba, fayil ta sani. Abin da ya karkace a wurin awo, haka za ta buga shi da aminci.

Inda ake da sikanar cikin baki, irin su TRIOS, iTero ko Medit, a tuna cewa ƙananan hotuna take ɗinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ɗinki da ɗan kuskurenta, kuma yana taruwa yayin da ake tafiya daga turmin dama zuwa na hagu. Shi ya sa awon haƙora uku ko huɗu yake fitowa da kyau ƙwarai, amma faɗin muƙamuƙi gaba ɗaya ya ɗan buɗe ko ya tsuke a baya. A bi hanyar da kamfanin sikanar ya tsara, wadda galibi ke farawa da saman haƙora kafin a zagaya ciki da waje, kada a riƙa tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. A busar da haƙora da iska, domin yawu da jini suna ƙyalli, sikana ta ɗauke su a matsayin jikin haƙori. A saita sikanar da abin saitinta a kan lokacin da aka ƙayyade.

Wurare da dama a nan har yanzu da aljinet ake ɗaukar awo, wato garin da ake kwaɓawa da ruwa a danna haƙora a ciki, a zuba filasta, sannan a sa samfurin filastar a sikanar tebur. Hanyar tana aiki, amma aljinet ruwa ne mafi yawansa. A cikin hunturu, iskar Bauchi da Gombe tana tsotse shi kamar yadda take fasa leɓe, ya tsuke tun kafin a gama rubuta sunan mai shi. A zuba filasta cikin minti 10 zuwa 15. In dole sai an jira, a naɗe shi da tishu mai ɗan danshi a cikin leda a ɗaure, kada a jiƙa shi a kwano, domin a ruwa kumbura yake yi. Filastar ma a auna garinta da sikeli, ruwanta da sirinji, yadda aka rubuta a jikin buhu. Kwaɓin ido shi ke kawo samfuri mai laushi da kusurwoyi a gutsure.

Gyaran fayil

Fayil ɗin STL da ya fito daga sikana fata ce kawai, ba ta da ciki. Sai an yanke gefen da ya yi yaga-yaga, an toshe ramuka, an yi mata gindi. Ana yin wannan da manhajar aikin haƙora irin su exocad, ko da Meshmixer wadda kyauta ce. Abubuwa uku ne ke ɓata awo a wannan mataki.

Na farko shi ne goge fuska. Maɓallin da ke sa samfuri ya yi santsi yana cin ƙololuwar haƙora da bakin iyakar da likita ya fere. A yi amfani da shi a kan dasashi kawai, in ma za a yi. Na biyu, rage nauyin fayil don ya yi saurin tafiya a intanet. Idan aka rage yawan 'yan kusurwoyin da suka haɗa fuskar sosai, lanƙwasa takan koma gefe-gefe kamar dutsen zobe. A matse fayil ɗin a cikin zip a tura shi yadda yake. Na uku, toshe rami a kan haƙori: manhaja zato take yi, ba ta ga wurin ba. Ramin da ya faɗa a kan iyakar hula ko inda haƙora biyu suka haɗu, maganinsa sake awo.

Sai siffar gindi, wadda mutane ke rainawa. Samfurin da aka yanke kamar kofaton doki, babu ganɗa a tsakiya, yana cin rezin kaɗan kuma shi ake so wajen matsa roba. Amma idan aka gasa shi, wato aka ƙarasa daskarar da shi da haske bayan bugu, ƙafafunsa biyu sukan jawo juna, faɗin da ke tsakanin turame ya ragu. A haɗa ƙarshen biyu da sanda mai kaurin milimita 2 zuwa 3, a bar ta har a gama gashi, sannan a yanke in tana hana aiki. In za a rarake ciki don tsimin rezin, bango kada ya gaza milimita 2, wanda za a matsa roba mai zafi a kansa kuwa a ba shi 3 ko a bar shi cike. Samfurin da aka rarake sai an huda masa ƙofofi biyu aƙalla a gefen gindi, kusa da faranti, wato ƙarfen da samfurin ke manne da shi yana ɗagawa daga tasa. Idan babu su, yakan zama kamar ƙahon wanzami: duk ɗagawa sai ya tsotsi ledar tasa, bango ya lotsa ko ya tsage.

A rubuta lambar mara lafiya a jikin gindin tun a fayil. Bayan hana cakuɗa aiki, rubutun yana tona wani kuskure mai ban haushi: in aka zaɓi saitin madubi ba daidai ba a manhajar yanka, wadda ke shirya wa injin fayil, hagu zai koma dama, kuma samfurin zai fito tsaf ba wanda zai lura. Rubutun da ya fito a juye shi zai faɗa maka.

Ɗaki, wuta da rezin

Yawancin rezin an tsara su ne su yi aiki tsakanin digiri 20 da 30. A watan Maris da Afrilu, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Gombe yakan wuce haka nesa, da asubahin Janairu kuma ya faɗo ƙasa da 20. Da zafi, rezin yakan tsinke ya kuma yi saurin daskarewa, sai saitin da ya yi daidai jiya ya fitar da haƙora masu ɗan ƙiba da tsagi a cike. Da sanyi yakan yi kauri kamar zuma, ba ya saurin komawa ƙarƙashin faranti, hawa, wato kowane siririn layin da injin ke ɗorawa a kan na baya, ya fito da kauri daban-daban ko aikin ya ɓalle ya faɗa tasa. A rataye ma'aunin zafi kusa da injin. In akwai na'urar sanyaya ɗaki, a kunna ta awa guda kafin a fara. In babu, a zaɓi lokaci ɗaya na yini, misali bayan isha'i a bazara da hantsi a hunturu, a riƙa bugawa a cikinsa. Kwalbar da ta yi sanyi a tsoma ta a rufe cikin ruwan ɗumi na minti 15.

Rezin yana daskarewa da haske mai tsawon zango nanomita 385 ko 405, kuma hasken rana yana ɗauke da shi. Injin da ke kusa da taga, ko da murfinsa a rufe, duk buɗewa sai rezin ya ɗan kama. A sa labule mai kauri. Kada a ajiye firinta a ɗaki ɗaya da injin yanke filasta: ƙurarsa tana sauka a tasa, girgizarsa tana bin tebur. Haka janareto da ke jingine da bangon ɗakin. Ƙurar hunturu kuwa ba ta neman izini, sai a rufe tasa da murfinta duk lokacin da ba a aiki, a goge sandar da faranti ke hawa a kai a sa mata maiko.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar bugu tana barin layi a jikin samfurin ko da injin ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma in layin ya faɗo a kan haƙora aikin ya tashi. Ƙananan injinan LCD ba su da cin wuta, inbata ko UPS matsakaici yana riƙe su. A haɗa su ta nan ko da akwai wuta, don sauyawa zuwa janareto kada ta taɓa su.

Rezin ɗin kansa a girgiza kwalbar minti biyu kafin a zuba, wanda ya kwana a tasa a motsa shi da cokalin roba mai laushi, domin launinsa yana kwantawa, kuma launin ne ke tsayar da haske kada ya wuce inda ake so. Bayan duk bugun da ya lalace, a tace rezin da matacin fenti, a duba ledar FEP da ke gindin tasa. Guntu ɗaya da ya daskare ya rage a ciki ya isa ya huda leda ya fasa allo. Ledar da ta yi hazo ko ta saki tana watsa haske, a canza ta. Kwalbar da ta taho daga Legas ko Kano a bayan mota, a duba ranar ƙarewarta, a ajiye ta a wuri mai duhu da sanyi. Kada a gauraya rezin na kamfani biyu.

Wata magana a kan lambobin talla. "8K" ba ya nufin komai sai an san faɗin allon. Allo mai faɗin milimita 218 da ɗigo 7680 yana ba da ɗigo mai kusan maikron 28. Wannan girman ɗigo ne, bai ce samfurin zai zo daidai da maikron 28 ba. Inji mai ɗigo 50 da aka saita da kyau ya fi mai ɗigo 20 da ba a taɓa gwadawa ba.

Gwajin da ke raba ƙiba da tsukewa

Nan ne ya kamata a zauna a ba da lokaci, domin kurakurai biyu ne ke ɓuya a bayan juna. Haske in ya yi yawa yana ƙara wa kowace fuska ɗan kauri. Rezin kuma in ya daskare yana tsukewa, ya rage tsawon abu gaba ɗaya. Wanda ya buga ɗan murabba'i mai milimita 10 ya auna ya ga 10.00 zai yi murna, alhali ƙiba ce ta rufe tsukewa, kuma a faɗin muƙamuƙi mai milimita 50 tsukewar za ta fito fili.

A zana abin gwaji a manhajar zane irin su Tinkercad ko FreeCAD: sanda mai tsawon milimita 60, faɗi 10, kauri 3, da turaku biyu zagayayyu a kanta, kowanne faɗinsa milimita 5 tsayinsa 8, tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan milimita 50 cif. Sannan:

1. A daidaita faranti da takarda yadda littafin injin ya nuna, a tabbata takardar tana jan hannu daidai a kusurwoyi huɗu kafin a ɗaure kusoshi.

2. A buga sanda biyu, ɗaya kwance daga hagu zuwa dama, ɗaya daga gaba zuwa baya, da kaurin hawan da za a riƙa aiki da shi. A fara da lokacin hasken da mai rezin ya bayar. A injinan LCD na yanzu yawanci daƙiƙa 2 zuwa 3 ne ga hawa mai maikron 50, hawan gindi 4 zuwa 6 kuma su sami daƙiƙa 25 zuwa 35.

3. A wanke, a busar, a gasa, daidai yadda za a yi wa samfurin gaske, a bari ya huce. Awon da aka yi kafin gashi ba shi da amfani.

4. Da ma'aunin baniya mai lamba, a auna daga wajen turke zuwa wajen ɗaya turken, sannan daga ciki zuwa ciki. A auna a tsakiyar tsayin turke, sau uku, ba tare da matsewa ba. Abin da ya kamata a gani shi ne 55.00 da 45.00.

5. A haɗa lambobin biyu a raba biyu, wannan shi ne nisan tsakiya zuwa tsakiya, kuma ƙibar haske ba ta taɓa shi. A cire ƙaramar daga babbar a raba biyu, wannan shi ne faɗin turke.

A ɗauka an sami 54.93 da 44.77. Nisan tsakiya ya zama 49.85, faɗin turke 5.08. Ma'ana sandar ta tsuke da milimita 0.15 a cikin 50, kuma haske ya ƙara maikron 40 a kowace fuska. A fara da haske: a rage daƙiƙa 0.2, a sake bugawa, har turke ya dawo tsakanin 4.98 da 5.02. In ragewar ta kai ga aiki yana ɓallewa kafin a kai nan, a mayar da hasken inda yake riƙewa, a cire ragowar ƙibar da saitin gyaran gefe da ke cikin manhajar yanka irin su Chitubox ko Lychee. Bayan haske ya zauna sai a zo kan tsukewa: 50 a raba da 49.85 ya ba da 1.003, wato a sa girma a kashi 100.3 cikin ɗari a wannan ɓangaren. Ɗaya sandar ita ma a yi mata lissafinta, domin ba lallai su zo ɗaya ba. Kada a taɓa abu biyu a bugu ɗaya, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Daga nan a buga ƙananan turaku biyar, huɗu a kusurwoyin faranti ɗaya a tsakiya. In bambancinsu ya wuce 0.05, hasken allon ba ya bazuwa daidai, sai a riƙa jera aikin hula a tsakiya, kusurwoyi a bar wa samfurin nazari. Allon LCD yana tsufa, haskensa yana raguwa da yawan awanni. Injinan da kamfani ya kulle saitinsu ba sa bari a taɓa haske, amma gwajin yana da amfani a kansu ma, don shi zai nuna ranar da wani abu ya fara lalacewa. A maimaita shi duk lokacin da aka canza rezin, leda ko allo, da shigowar hunturu da shigowar bazara. A rubuta kwanan wata, zafin ɗaki, lambar kwalba da sakamako a littafi guda da ke zaune kusa da injin.

Baniyar ma tana da iyakarta. Tana nuna 0.01, amma kuskurenta yakan kai 0.02 zuwa 0.03. Kada a yi ta bin lamba ta ƙarshe.

Jerawa a faranti da kaurin hawa

Kwantar da samfuri da gindinsa kai tsaye a kan faranti, haƙora suna kallon tasa, shi ne ya fi ba da awo mai tabbas kuma ya fi sauri. Samfuri mai tsayin milimita 20 a hawa mai maikron 100 hawa 200 ne. In aka tsayar da shi a kan dugadugansa ya kai milimita 55, ya zama 550. Tsayarwa tana ba da damar cika faranti da samfura da yawa, amma doguwar tafiya ce, kuma siririn abu yana rangaji a duk ɓamɓarowa daga leda. In aiki ya yi yawa dole a tsayar, a ɗan kishingiɗar da shi, a ƙarfafa gindi. Matokarai, 'yan sandunan da manhaja ke sawa su riƙe samfurin, kada su taɓa haƙori ko iyakar hula ko kaɗan, tabonsu ba ya goguwa ba tare da an ci jiki ba.

Hawan farko da ke shan haske mai yawa sukan baje a gefe kamar ƙafar giwa. A gindin samfurin roba wannan ba komai ba ne. A kututturen haƙori mai cirewa kuwa, wanda ake gina hula a kansa, shi ke hana shi zama a raminsa, ya tsaya sama da maƙwabtansa, hular da aka gina a kai ta zo gajera a baki. A ɗaga kututture a kan matokarai, ko a fere kusurwar gindinsa a fayil, a kuma gwada giɓin rami da kututture da 'yan gwaji uku ko huɗu masu bambancin maikron 20 har a sami wanda ke shiga da ɗan dannawa ba ya girgiza.

Game da kaurin hawa, maikron 100 ya isa samfurin nazari da na roba, 50 na aikin hula. Sauka zuwa 25 yana ƙara santsi, amma ba lallai ya ƙara gaskiyar awo a samfurin daidaita haƙora ba, ga shi yana ninka lokaci sau huɗu a kan na maikron 100, wanda a wurinmu yana nufin ƙarin damar wuta ta ɗauke. A ba injin daƙiƙa 1 zuwa 2 na hutawa kafin haske ya kama, rezin ya lafa. Da sanyi a ƙara.

Wanki, bushewa, gashi

Samfura da yawa lafiya suke fitowa daga inji, a kwanon wanki suke lalacewa. A ɓamɓare da wuƙar faranti ta ƙarƙashin kusurwa ɗaya a hankali. A wannan lokaci samfurin ɗanye ne, in aka lanƙwasa shi da hannu ba ya komawa daidai.

A yi wanki da sinadarin IPA, wani nau'in sifirit, mai ƙarfin kashi 90 ko sama, a kwano biyu: na farko mai datti ya ɗebe mafi yawan rezin, na biyu mai tsabta ya ƙarasa. Jimillar lokacin kada ta wuce abin da mai rezin ya faɗa, wanda galibi bai fi minti 10 ba. Samfurin da aka manta a ciki aka tafi sallah ko cin abinci yana shan sinadarin ya kumbura, daga baya ya tsattsage. Wankin da bai isa ba kuma yana barin rezin a tsagin haƙora da tsakaninsu, gashi ya daskarar da shi nan, roba ta ƙi sauka. A bi waɗannan wurare da burushi mai laushi, cikin da aka rarake a watsa masa da sirinji. IPA yana kama wuta tun daga kusan digiri 12, saboda haka a zafinmu kullum a shirye yake: a rufe kwanukan, a nisanta su daga fitilar narka kakin zuma, kada a zuba shi kai tsaye a injin wanki mai girgiza ruwa. A sa safar hannu ta naitiril, ɗanyen rezin yana jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum in ya kama.

A hura iska, a bar shi aƙalla rabin awa a inuwa. Duk inda ke ƙyalli bayan ya bushe, rezin ne ya rage, a sake wankewa. In aka gasa da danshin IPA, fuskar takan yi fari-fari kamar alli. Da damina bushewa tana ɗaukar lokaci fiye da haka.

Gashi a yi shi a akwatin UV, mai hasken da ke daskarar da rezin, da lokaci da zafin da aka rubuta wa wannan rezin ɗin. In akwatin ba ya juyawa, a juya samfurin a rabin lokaci, a haska cikinsa ma. Shanya a rana ba gashi ba ne: gefe ɗaya ke sha, zafi ya yi yawa, samfurin ya karkace kamar katakon da aka bari a tsakar gida. Ranar tana da amfani wajen daskarar da tishu, safar hannu da dattin IPA kafin a zubar.

Auna samfurin kansa

A kan kowane sabon saiti, a auna wurare huɗu a fayil da kuma a samfurin: daga ƙololuwar fiƙa zuwa ɗaya fiƙar, faɗin tsakanin turame na farko, faɗin haƙorin gaba ɗaya, da tsayinsa daga dasashi. In faɗin haƙori ya yi daidai amma tsakanin turame ya ragu, tsukewa ce ko kofaton da ba a sa wa sanda ba. In haƙori ya yi ƙiba, haske ne ko wanki. In tsayi ne ya ragu, a duba faranti da hawan gindi.

Mai sikana yana iya zurfafawa. A ɗauki hoton samfurin da aka buga, a buɗe shi tare da fayil na asali a manhajar CloudCompare, a yanke gindi a bar haƙora da ɗan dasashi, a haɗa su da ɗigo uku ko huɗu sannan a bar manhajar ta ƙarasa jerawa. A tabbata ba a kunna zaɓin daidaita girma ba, in an kunna manhajar za ta faɗaɗa samfurin ta ɓoye tsukewar da ake nema. A sa taswirar launi a kan 0.1 sama da ƙasa. Matsakaicin lamba ɗaya yana iya yin kyau alhali turmi na ƙarshe ya kauce da 0.3, don haka a kalli inda launin ya taru. A tuna kuma kuskuren sikanar yana cikin abin da ake gani, haka hodar da aka fesa wa samfurin kafin ɗaukar hoto in an fesa.

Samfurin rezin ba ya tsayawa cak kamar filasta, yana ci gaba da ɗan motsi in yana shan haske da zafi. A matsa roba ko a gwada hula cikin kwana biyu zuwa uku da bugawa. Wanda za a aika daga Gombe zuwa Bauchi ko Bajoga, a naɗe shi a sa a kwali mai duhu da abin tare girgiza, a roƙi direba ya sa shi ƙarƙashin kujera, kada ya ɗora a gaban gilashi inda rana ke duka. In an dawo neman sabuwar roba bayan wata shida, a buɗe fayil a sake bugawa, in haƙoran sun motsa kuma a sake awo.